Ɗakin da Aka Bari a Kudu: Tafiyata daga Washinton zuwa New York

Da hantsi na isa gidan adana zane-zane na Phillips da ke birnin Washinton, kuma ba abin da ya kai ni can sai aikin Jacob Lawrence, mai zane baƙar fatar Amurka wanda ya kammala zanen alluna 60 a shekarar 1941, yana ɗan shekara 23, a kan ƙaurar mutanensa daga kudancin ƙasar zuwa arewa. Kimanin mutum miliyan 6 ne suka bar kudu tsakanin 1910 da 1970, suna gudun wariyar launin fata da kisan gilla da talaucin gonakin auduga, kuma iyayensa 'yan kudun ne.

Allunan ƙanana ne, inci 12 da 18, launukansu 'yan kaɗan. Na farko ya nuna jama'a maƙil a tashar jirgin ƙasa, suna turereniya ta ƙofofi uku masu ɗauke da sunayen Chicago da New York da St. Louis. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne na 25, inda babu ko mutum ɗaya, sai kusurwar wani ɗaki na katako da taga, masu shi sun tattara sun tafi. Na daɗe a gabansa har ƙafafuna suka yi tsami. Abin da ya ƙara sanyaya mini jiki shi ne, lokacin da Lawrence ya zana wannan ɗaki bai taɓa taka ƙasar kudu ba. A bakin manya na unguwar Harlem da ke New York ya ji labarinta, sauran kuma ya tono a ɗakin karatu. Wato gidan da ya zana gadonsa ya yi a cikin hira, kuma a ganina shi ya sa kewar da ke cikinsa ta yi nauyi haka.

Rabin aikin kawai na samu a Washinton, domin tun 1942 aka raba shi biyu: masu lambar mara suna nan, masu lambar cika kuwa suna gidan adana zane-zanen zamani na MoMA a New York. Rabon ya sosa mini rai, ganin cewa labarin masu neman matsuguni shi ma bai zauna ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Washegari na hau jirgin ƙasa na nufi arewa, muka ratsa Baltimore da Philadelphia, tafiyar awa uku da rabi, ina leƙen taga ina tunanin waɗanda suka bi wannan hanya da ƙunshin kaya a hannu, ba su san wanda zai tarbe su ba.

A New York na nemi allo na 58. 'Yan mata uku ne a makaranta, sun miƙa hannu sama suna rubuta 2 da 3 da 4 da alli, kowace ta ɗara 'yar'uwarta tsawo. Na tsaya a bayansu ina kallo, zuciyata tana komawa ga ɗakin katakon nan na jiya, har mai gadi ya matso ya sanar da ni cewa lokacin rufewa ya yi.