Kafin ku ƙure kaifin hoto a kyamara

Ƙannena masu fara ɗaukar hoto, akwai wani saiti a kyamara da nake so ku yi hattara da shi, wato saitin kaifi. A Canon yana ƙarƙashin Picture Style, daga 0 zuwa 7. A Nikon yana cikin Picture Control, ya kai har 9. Lokacin da na fara, ƙure shi na yi, saboda a ɗan allon bayan kyamara kowane hoto yana fitowa tsaf, gashi ɗai-ɗai, ido na ƙyalli. Sai da na wanke wasu hotunan mutane da girma sannan na ga ɓarnar. Fuskoki sun yi kaushi, tabon da ido bai ma lura da shi ba ya fito fili, ga wani siririn farin layi ya bi gefen kai da kafaɗa duk inda suka haɗu da sararin sama. JPEG kaɗai na ɗauka, wato hoton da kyamara ta riga ta gama sarrafawa, don haka babu gyara. Mutanen nan sun amince mini da ranar da ba za ta maimaitu ba, kuma har yau abin yana damuna.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wannan saiti ba ya ƙara wa hoto komai daga abin da ke gaban kyamara. Yana neman inda haske ya haɗu da duhu ne, ya ƙara wa gefen hasken haske, ya ƙara wa gefen duhun duhu, kamar wanda ya bi layukan zane da biro don su fito. Idan an yi kaɗan, ido yana jin daɗinsa. Idan an wuce gona da iri, farin layin nan ne ke bayyana. Kuma kyamara ba ta bambance gashin ido da yashi-yashin da ke cika hoto idan an ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 3200 ko 6400 a wuri mai duhu. Duka take kaifafawa.

Kada ku ɗauka cewa nake kaifi ba shi da amfani. Yana da dalili. A yawancin kyamarori kowane ɗigo na sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, launi ɗaya yake gani, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro a shekarun 1970: rabin ɗigogin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Sauran launukan biyu kyamara ce ke lissafo su daga ɗigogin maƙwabta, wannan lissafi kuwa yana ɗan tausasa hoto. Kyamarori da yawa ma suna da wani siririn gilashi a gaban sensa da ke dusashe hoto kaɗan da gangan, don kada tufafi masu ƙananan layuka su riƙa fitar da launukan ƙarya. Saboda haka hoto yana bukatar ɗan kaifi. Tambayar ita ce nawa, kuma a wane mataki.

Ga abin da ya raba gardama a wurina: hoton da kaifinsa ya gaza, ana iya ƙara masa a kwamfuta, amma wanda aka cika wa kaifi a JPEG ya tafi ke nan, domin an riga an toya farin layin a cikin ɗigoginsa. Idan ka yi ƙoƙarin goge shi, sai ka goge fuskar tare da shi. Don haka idan JPEG kuke ɗauka kuma za ku gyara daga baya, ku sauke saitin ƙasa da inda kamfani ya ajiye shi, musamman a hoton mutane. Wanda zai miƙa hoto kai tsaye ba tare da gyara ba, ya bar shi a tsakiya, ya wadatar. Bidiyo ma haka yake, kaifin da kyamara ta sa yana manne da shi.

Idan RAW kuke ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, saitin bai taɓa ainihin bayanan hoton ba. Amma ku lura, abin da kuke gani a allon kyamara ƙaramin JPEG ne da aka yi wa wannan kaifin. A nan na sake faɗawa rami. Na riƙa dubawa ina ganin fokos ya zauna, ashe kaifin ne ke rufe mini ido. Sai na buɗe a kwamfuta in ga hanci ne ya fito, idanu sun yi dishi-dishi. Yanzu duk hoton da ke da muhimmanci sai na faɗaɗa shi zuwa kashi 100 a kan ido kafin in bar wurin.

Mafi yawan hotunan da na yi ta ƙoƙarin ceto da wannan saiti, matsalarsu a wani wuri take. Wani lokaci hannu ne ya motsa, don na ɗauka da dogon gilashin kyamara (lens) na 200mm a kan saurin ɗauka na 1/60 na daƙiƙa, alhali tsohuwar ƙa'ida ta ce da irin wannan gilashi kada saurin ya yi ƙasa da 1/200. Wani lokaci na tsuke ƙofar gilashi, inda haske ke shiga, har f/22 ina zaton komai zai fi fitowa, ashe a nan haske yana bazuwa ya tausasa hoton gaba ɗaya. Gilasai da yawa sun fi kyau a wajen f/5.6 zuwa f/8. Babu lambar kaifi da za ta gyara ɗaya daga cikin waɗannan.

Ku yi wa kyamararku gwaji da kanku. Ku kafa ta a kan ƙafa uku, ku ɗauki abu ɗaya mai fata ko gashi, da wani gefe mai duhu a gaban haske, kuna canja lambar kaifi daga ƙasa zuwa sama. Ku buɗe su a babban allo, ku nemo lambar da farin layin ya fara leƙowa, ku tsaya ƙasa da ita. Kaifin ƙarshe kuma ku bar shi sai kun rage hoton zuwa girman da za a gan shi, domin wanda za a wanke a takarda yana ɗaukar kaifi fiye da wanda za a kalla a waya.