Maki ya tashi, masu karatu ba su ƙaru ba: rahoton wata na tara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Rabona da in kawo muku rahoto tun ƙarshen damina, ga shi har hunturun Jos ya kankama, da asuba sai na hura hannu kafin yatsu su yarda su taɓa kwamfuta. Ga wanda bai biyo ni tun farko ba, wata tara ke nan da na buɗe ɗan shafina na Hausa a kan noma da kasuwar kayan gwari: dankalin Turawa, kabeji, karas da tumatir. Da rana ina riƙe wa yayana littafin lissafi a rumfarsa ta Farin Gada, da dare in rubuta abin da na ji daga bakin manoman Bokkos da Mangu masu kawo kaya. Abu ɗaya ne ya cinye mini wata ukun nan, wato makin nan da ake cewa shi ne ƙarfin shafi.

Wata na bakwai

Na tuntuɓi wani mai sayar da irin kayan lambu ko zai sa talla a shafin. Bai tambaye ni mutum nawa ke karantawa ba, bai tambayi ko manoma ne ba. Cewa ya yi, "Malam, DA ɗinka nawa?" A daren na je na duba a wurin kamfanonin da ke ba shafuka maki. Moz ta ba ni 4, Ahrefs ta ce 1, Semrush ma ta zo da nata daban. Shafi ɗaya, a dare ɗaya, maki kala uku.

Sai da na zauna na karanta bayanin kowane kamfani sannan kaina ya waye. DA, wato Domain Authority, na kamfanin Moz ne da ke Amurka, daga 1 zuwa 100. DR kuwa, Domain Rating, na Ahrefs ne da ke Singafo. Kowannensu yana da nasa ɗan aiken da ke yawo a intanet yana ƙirga linkin da wasu shafuka suka jefo maka, kuma babu wanda ya zagaye intanet duka. Wanda ya ci karo da linkinka zai ƙirga, wanda bai gani ba a wurinsa babu shi. Lissafin ma ba iri ɗaya ba ne. Ahrefs linki kawai take dubawa: shafuka nawa daban-daban suka nuno ka, yaya ƙarfinsu, kuma su wa da wa suke nunawa ban da kai. Ba ruwan DR da ko akwai mai shigowa shafinka. Semrush ita tana haɗawa da kiyasin masu shigowa ta bincike da alamun maguɗi.

Ku riƙe abu biyu. Matakalar ba daidai take ba, hawa daga 10 zuwa 20 ya fi hawa daga 70 zuwa 80 sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan makin Moz na kwatance ne, yana iya sauka ba ka yi laifin komai ba, don kawai manyan shafuka sun ƙara gaba ko kamfanin ya sauya lissafinsa, kamar yadda ya yi a watan Maris na 2019.

Babba kuma, ko ɗaya cikinsu bai fito daga Google ba. Moz da kanta ta rubuta cewa Google ba ta amfani da DA wurin jera shafuka, John Mueller na Google ma ya sha faɗin haka. Na karanta wannan da idona, amma raina ya riga ya ɗarsu a kan lambar nan, saboda ita ce ta tsaya tsakanina da talla.

Wata na takwas

A wani zauren WhatsApp na masu koyon ɗaga shafi a binciken Google wani ya yi tallar cewa zai ɗaga makin kowane shafi cikin wata guda. Na tura masa kuɗin da na ware don sabunta hayar mazaunin shafin. Kuma makin ya tashi, ba ƙarya. Cikin mako uku DR ya bar 1 ya haura 20.

Wata Asabar bayan isha'i na ce bari in ga su wane ne suka nuno ni haka. Na buɗe linkin ɗaya bayan ɗaya. Na farko shafi ne fari fat, babu hoto babu labari, sai jerin sunayen shafuka ɗaruruwa, nawa na tsakanin na 'yan caca da na masu sayar da magunguna. Na biyu da wani harshe aka rubuta shi wanda ban ma san haruffansa ba, a tsakiyar wata jimla sai ga "dankalin turawa" da shuɗin rubutu. Haka na yi ta bi har na gaji. Gabana ya faɗi, don shafin nan da sunan manoma nake yin sa, ga shi na kai shi na ajiye a ƙofar gidan caca. Na koma Search Console, wurin da mai shafi ke ganin masu iso shi ta bincike, wanda shi ne na Google da kanta kuma kyauta ne, na duba layin masu shigowa. Yana nan kwance inda na bar shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sayen linki don a ɗaga matsayi ya saɓa wa ƙa'idar Google, tun 2012 ta fito da wani tsari mai suna Penguin don yaƙar wannan, a Disambar 2022 kuma ta ce tana amfani da wani tsarinta mai suna SpamBrain wurin gano irin waɗannan linkin ta kashe tasirinsu. Ma'aunin kamfani mai ƙirga linki ya ƙirga su, injin da ke jera shafuka ya yi watsi da su. Na duba sashen hukunci a Search Console, alhamdu lillahi babu wani gargaɗi, don haka na bar su. Akwai hanyar barranta da linki da Google ta samar tun 2012, sai dai ita ma ta ce yawancin shafuka ba sa buƙatarta.

Akwai wani dattijo dillalin dankali da rumfarsa ke jikin tamu. Da safe na ba shi labari a taƙaice, na ce, "Baba, ka ji abin da na yi." Yana ɗinke bakin buhu, bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, in baƙo ya zo neman kaya bashi, ba na tambayar mutum nawa suka san shi. Wa ya tsaya masa nake tambaya." Wallahi abin da na kwana uku ina karantawa ke nan a kan PageRank, lissafin da Larry Page da Sergey Brin suka yi suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, wanda aka gina Google a kansa a 1998. Kowane linki shaida ce, amma nauyin shaida yana bin nauyin mai bayar da ita, kuma mai tsaya wa kowa da kowa shaidarsa rarrabuwa take yi har ta zama ba ta da auki. A da Google tana nuna wannan maki a fili, daga 0 zuwa 10. Ta daina sabunta shi a ƙarshen 2013, ta ɗauke shi gaba ɗaya a 2016. Gurbin da ya bari shi ne makin kamfanonin nan suka cike a idon jama'a.

Kada kuma in yi muku rowar ɗaya ɓangaren. A watan Mayun 2024 wasu takardun cikin gida na Google sun fita, Rand Fishkin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Moz, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa su, a ciki kuma an ga wani gurbi mai suna siteAuthority, wato ƙarfin shafi. Google ta ce a yi hattara da yanke hukunci a kan bayanin da aka tsinto ba tare da mahallinsa ba. Ni abin da na ɗauka shi ne, mutuncin shafi gaba ɗayansa yana da tasiri, amma lambar da muke gani a Moz ko Ahrefs kintace ce ta na waje, kamar mai kallon buhu a ɗinke yana faɗin abin da ke ciki. Wani lokaci ya dace, wani lokaci a yi masa saman buhu da manya.

Wata na tara

Na daina leƙa maki kullum, na koma sashen da ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna musu shafina. A nan na ga wata tambaya tana ta maimaituwa da rubutu iri-iri: yadda ake ajiye dankali kada ya ruɓe, me ya sa dankali ke yin kore. Na lura kuma kusan ba mai sa ƙugiya a haruffa, "rube" suke rubutawa, "kasa" a maimakon "ƙasa". Ba ni da rubutu ko ɗaya da ya amsa wannan kai tsaye.

Na koma wurin Baba da littafi da biro, na kuma tambayi manoma biyu. Na rubuta abin da suka ce, na gwada shi da abin da na karanta: kada a wanke dankalin da za a ajiye, a bar shi ya sha iska a inuwa fatarsa ta yi ƙwari, a tsince wanda fartanya ta sara da wanda ya fara laushi don ɗaya kan ɓata buhu, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi inda iska ke ratsawa. Haske ne ke sa shi kore, kuma wurin da ya yi koren yana tara wani sinadari mai ɗaci da ke cutarwa in an ci da yawa. Dankalin iri kuwa akasin haka, ɗan haske marar zafi yake so don tsironsa ya fito gajere mai ƙarfi. Na ɗauki hoto uku da wayata a nan rumfar, har da na wani da na tsaga don a ga iyakar inda koren ya shiga.

Yanzu in na rubuta tambayar nan da Hausa, rubutuna yana shafin farko na sakamakon Google, a saman shafukan da makinsu ya ninka nawa sau da yawa. Ban ga abin mamaki ba, domin su sun ambaci dankali ne a cikin labari, ni kuwa tambayar na amsa. Google rubutu-rubutu take jerawa bisa abin da aka tambaya, kuma a Hausa tambayoyi da yawa har yau ba wanda ya zauna ya amsa su. Wannan dama ce gare mu da masu rubutu da Turanci ba su da irinta.

Linki ɗaya na gaskiya ma ya zo ban roƙa ba, daga wani shafi na ɗaliban aikin gona da suka kawo rubutun a matsayin misali. Bai motsa DA ba ko da ɗigo, amma ta nan na sami mutanen da suka shigo suka yi tambaya a kan takin zamani. Sauran yaɗuwar a Facebook da WhatsApp ta faru, inda ma'aunan nan ba su cika gani ba.

Ban yar da makin ba. In zan rubuta a kan wani batu, nakan duba ƙarfin shafukan da ke sama don in san ko fili ne ko an riga an cika shi, kuma masu talla ba za su daina tambaya ba. Mai sayar da irin kayan lambun nan na sake komawa wurinsa, wannan karon da hoton Search Console, na nuna masa kalmomin da manoma ke rubutawa kafin su iso ni. Ya ce in dawo bayan ya gama lissafin kakar bana.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan yi rubutu biyu, ɗaya a kan tsutsar kabeji, ɗaya a kan bambancin buhu da kwando wurin sayen tumatir, duka daga tambayoyin da na gani. Ina kuma son in je Kuru, inda cibiyar binciken dankali take, in ji ta bakinsu a kan zaɓen iri. Wanda ya taɓa gwada rubuta take da ƙugiya da kuma babu ƙugiya ya ga bambanci a Search Console, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani kafin in taɓa nawa.