Kafin ka kafa rumfar ajiya a harabar masana'anta a Gombe

Da zarar kaka ta kama, shinkafa shanshera ta fara kwararowa daga Dadin Kowa da sauran fadamu, sito kan cika cikin 'yan makonni. Daga nan sai mai injin casa ya kira mai walda a kafa rumfa a bayan masana'anta, ko a jera kwantena biyu a jikin katanga, ko a zuba daɓe a jibge buhuna a lulluɓe da tamfol. Da yawa suna ganin tunda filin nasu ne, kuma ba bulo aka ɗora ba, babu ruwan hukuma. Ba haka abin yake ba. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta ɗauki duk wani aikin gini ko na injiniya a kan fili, har da sauya abin da ake yi da filin, a matsayin aikin da sai da izini, kuma ta ambaci faɗaɗa masana'anta cikin ayyukan da ake nema wa rahoton tasiri ga muhalli. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, tsara gari hurumin jiha ne. Don haka a Gombe ofishin hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, za ka nufa, maganar takardun fili kuma tana hannun GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta jiha.

Takardun ba su da wuyar haɗawa: shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, tsohon zanen masana'antar da aka amince da shi, sabon zanen haraba mai nuna inda ƙarin zai zauna, da lissafin ƙarfe da kankare mai hatimin injiniyan da ke da rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsohon zanen. Idan jami'i ya zo duba wuri ya tarar da ɗakin janareta ko sikelin mota da babu su a takarda, sai an fara daidaita wannan kafin a saurari sabuwar buƙata.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a Gombe shi ne ruwa. Ƙasar garin mai yashi ce, ga gangare, kuma kowa ya san ɓarnar da zaizayar ƙasa ta yi wa unguwanni. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rumfa mai mita 20 a faɗi da 30 a tsawo, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, za ta zubo da lita 30,000. A da ƙasa ce ke shanye wani kaso na wannan ruwa. Yanzu kwano da daɓe sun tattara shi, sun sako shi ta baki ɗaya da ƙarfi. Idan bakin nan yana kallon katangar maƙwabci ko hanyar da ba kwalta, damina biyu ta isa a ga kwari ya fara buɗewa. Saboda haka zane mai kyau dole ya nuna indararo, da bututun saukar ruwa, da lambatu, da ainihin wurin da zai haɗu da magudanar gwamnati. In babu magudana a kusa, a tanadi ramin tsotse ruwa ko tankin tara shi, amma nesa da tushen gini. Shi kansa daɓen a ba shi gangare na santimita ɗaya a kowace mita, ya karkata daga wajen kaya. Kaurinsa santimita 15 ya wadatar inda mutane ke dako, amma inda tirela za ta taka ana kai shi 20 da rodi, a kan ƙasar da aka daddale sosai. Daɓen da ya tsage a shekarar farko, galibi ba siminti ne ya yi kaɗan ba, cikon da ke ƙarƙashinsa ne ba a daddale ba.

Sai wuta. Ɓuntun shinkafa yana cin wuta a hankali daga ciki, ya kwana yana ci ba a ga harshe ba, kuma iskar hunturu na kwasar sa ta watsa wa maƙwabta. Kada tulinsa ya kusanci tukunyar turara ko janareta, kuma a kewaye shi ta ɓangaren da iska ke fita. A bar hanya mai faɗin kamar mita 6 da motar kashe gobara za ta bi, kada a mai da ita wurin ajiye tsoffin ƙarafa. Tankin man dizal na buƙatar ganuwar kankare da za ta riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da yake ɗauka: tanki mai lita 33,000 sai ganuwa mai ɗaukar 36,300. A fili mai mita 6 da 8, tsayinta zai kai kusan santimita 76, sai a ƙara a kai don cike wurin da ƙafafun tanki suka cinye. Ana yawan ganin ganuwa mai kyau, amma an huda mata rami a ƙasa don ruwan sama ya fita. Ta wannan ramin man zai bi ranar da tanki ya tsiyaye. Famfo mai makulli ake sakawa, a buɗe shi sai an duba ruwan.

A ɗaga kai a duba wayar lantarki ma. Babban layi mai kilobolt 330 yana da haramin mita 25 ta kowane gefe, mai 132 kuma mita 15, kuma rumfar kwano a ƙarƙashinsu ba ta samun izini.

Tirela kuwa tana son da'ira mai faɗin kusan mita 25 kafin ta juya. Rumfar da ta cinye wannan fili ta kori motoci zuwa bakin titi ke nan, kuma daga nan ƙorafin maƙwabta ke farawa. A zana hanyar motar a kan takarda tun daga ƙofa har wurin sauke kaya.

Kada a zuba kankare kafin izini ya fito a rubuce. Sau da yawa gyaran da masu dubawa ke nema bai wuce a ja rumfa baya da mita biyu ko a juya bakin lambatu ba, abin da a kan takarda aikin yini ɗaya ne. In kuwa an riga an kafa ginshiƙai, sai an fasa tushe an sake haƙa, ga kuma takardar dakatar da aiki a tsakiyar kaka.