Ranar da Na Haɗa Kafaɗar Sulke

Yau na wayi gari da niyyar kammala kafaɗar hagu ta sulken da nake haɗawa, wato kwaikwayon kayan yaƙin wani jarumi na cikin wasan kwamfuta, wanda ƙanena yake so ya sanya a taron masu shiga irin ta jaruman wasanni da fina-finai. Kwalkwali da farantin ƙirji sun riga sun fita daga hannuna, fenti kawai suke jira. Kafaɗar ce ta tsaya mini a rai tun farkon aikin, domin ita ce ɓangaren da mai zanen wasan ya fi ƙawatawa, kuma ita ce ta fi nisa da yadda jikin ɗan Adam yake motsawa.

Da sassafe na zauna gaban kwamfuta ina duba hotunan da na ɗauko daga cikin wasan, ta gaba da ta baya da ta gefe, na kuma sa jarumin ya ɗaga takobinsa sama domin in ga abin da kafaɗar take yi idan hannu ya miƙe. Abin da na gani shi ne abin da duk mai wannan sana'a ya saba gani. Farantin yana tsaye a iska, ba maɗauri ba ƙugiya, kuma da zarar hannu ya tashi sai tsinin da ke samansa ya nutse cikin wuyan jarumin, ya ratsa gefen kwalkwali, ya fito ta ɗaya ɓangaren ba tare da ya ji masa ciwo ba. Kwamfuta tana barin abubuwa biyu su zauna a wuri guda, kuma mai wasa ba ya lura saboda hankalinsa yana kan abokin gaba. Ni kuwa mutum mai ƙashi da tsoka zan ɗaura wa wannan abu, zai yini da shi a cikin cunkoso, zai so ya sha ruwa, ya gaisa da mutane, ya juya kansa. Saboda haka rabin aikin yau ya zama ƙirƙiro abin da mai zanen bai taɓa zanawa ba.

Na fara da awo. Na auna tsawon kan jarumin a hoto, daga haɓa zuwa tsakiyar kai, na gwada shi da na ƙanena, na fitar da lissafin da zan riƙa ninka kowane layi da shi. Ba na dogara da tsawon jiki gaba ɗaya wajen wannan lissafi, domin masu zanen wasanni sukan tsawaita ƙafafu su faɗaɗa ƙirji, kuma wanda ya bi su sau da ƙafa zai tashi da kafaɗar da ta fi ƙarfin mai ita. Daga nan na naɗe kafaɗarsa da damtsensa da leda mai laushi, na bi ta da salatif na takarda har ya zama kamar fata ta biyu, na zana layukan faranti a kai da maka, sannan na yanke shi a hankali da almakashi. Abin da ya fito yana da lanƙwasa, ba zai kwanta a tebur ba sai an tsattsaga shi a wuraren da ya fi tudu. Waɗannan tsage-tsagen su ne sirrin siffar, domin idan aka sake haɗa bakinsu a jikin soso sai lanƙwasar ta dawo da kanta. Kafin in raba gutsattsarin na yi musu ƙananan alamu a kowane gefe, yadda zan san inda wannan ya kamata ya haɗu da wancan. Akwai masu amfani da manhajar Pepakura wadda take warware siffar kwamfuta ta mayar da ita zanen takarda, kuma tana da amfani ƙwarai ga kwalkwali mai kusurwoyi da yawa, amma ga abin da zai zauna a kan gaɓa na fi yarda da awon da aka ɗauka daga jikin mai sanyawa.

Da hantsi na koma kan soson EVA, wato wani soson roba mai ɗan tauri da yake zuwa falle-falle, wanda shi ne ƙashin bayan wannan sana'a. Na ɗauki mai kaurin milimita 10 domin babban farantin sama, mai milimita 5 domin ƙananan faranti uku da za su sauko bisa damtse suna hawa kan juna, da kuma mai milimita 2 domin adon baki. Wanda bai taɓa yanka wannan soso ba zai ɗauka cewa abu mai laushi ba ya cin wuƙa, alhali kuwa yana dakusar da reza da sauri fiye da yadda ake zato, kuma reza marar kaifi tana yayyaga baki ne, ta bar gefe mai gashi-gashi wanda gam ba zai rufe ba. Don haka ina wasa ta a kai a kai, ina yanka da jan hannu ɗaya mai tsawo. Kusurwar da aka riƙe wuƙar ita ce take yanke hukuncin siffar da za ta fito. Idan na yanka a miƙe, haɗin yakan ba da lanƙwasa mai santsi, idan kuma na karkatar da ita zuwa digiri 45, sai bakin biyu su haɗu su tayar da kunya mai kaifi, wato tudu siriri, irin wadda maƙeri yake fitarwa a tsakiyar farantin ƙarfe. Wannan kunyar nake so a saman kafaɗar, don ita ce take kama haske a cikin wasan.

Haɗawar kuwa sai da haƙuri. Gam ɗin da nake amfani da shi irin wanda ake shafawa a fuska biyu ne, a bar shi ya sha iska har sai ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Da zarar fuskokin sun taɓa juna, magana ta ƙare, ba a zamewa ba a gyarawa, shi ya sa nake farawa daga alama ɗaya in bi a hankali zuwa ta gaba, ina daidaita fuskar waje tukuna kafin in matse ta ciki. Na buɗe tagogi duka na sanya takunkumi mai matatar tururin sinadarai, domin warin wannan gam yana cutar da mai shaƙarsa, kuma yana kama wuta, saboda haka na ajiye na'urar hura zafi nesa har sai da ya bushe sarai. Bayan nan na gasa farantin da iska mai zafi har ya yi laushi, na danna shi a kan wani abu mai zagaye, na riƙe shi har ya huce ya riƙe siffar. Zafin yana da wani amfani na biyu, wato yana toshe ƙananan ƙofofin da ke fuskar soson, ta yadda ba zai shanye fenti ba daga baya.

Da rana tsaka na ɗan huta daga soso na koma kan tambarin kan zaki da zai zauna a tsakiyar farantin. Wannan na fitar da shi ne da na'urar 3D, wadda take gina abu daga zanen kwamfuta, da robar PLA, a hawa-hawa masu kaurin milimita 0.2, kuma waɗannan hawa-hawan suna barin layuka siriri da ido yake gani da zarar an shafa fenti mai ƙyalli. Na goge shi da samfefa mai lamba 120, na koma 220, na fesa masa fentin share fage mai cike ramuka, na bar shi ya bushe kafin in bi shi da 400. Aiki ne mai cin lokaci wanda babu abin faɗi a cikinsa sai maimaitawa. Abin da na rubuta a takardar da zan ba ƙanena shi ne kada ya kuskura ya bar kayan a cikin mota a rana, domin PLA tana fara laushi tun a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, kuma zakin zai iya karkacewa kafin a isa wurin taro. Na yi tunanin lulluɓe bakin farantin da Worbla, wani fallen roba da zafi yake tausasawa ya taurare idan ya huce, don ƙarin ƙarfi, amma na fasa saboda nauyi. Abin da hannu yake jin ba shi da nauyi a tebur yakan zama kaya bayan awanni a kafaɗa.

Da yamma ƙanena ya zo gwaji, kuma a nan ne muka yi muhawarar da ta fi komai muhimmanci a yau. Na ɗora masa farantin na riƙe da hannu, na ce ya ɗaga hannunsa kamar zai gaisa da wani. Tsinin ya doki gefen kwalkwali tun hannun bai kai rabin hanya ba. Na ce masa zan rage tsinin da santimita biyu in kuma karkatar da shi waje kaɗan. Ya dubi hoton da ke wayarsa ya ce, "Yaya, ai a wasan ba haka yake ba, masu kallo za su gane." Na ce masa, "Ƙanena, masu kallo siffar za su gani daga nesa, ba wanda zai zo da abin awo. Amma idan ka yini hannunka a maƙale a gefe, kowa zai gane cewa kayan ne suke sanye da kai." Bai gamsu nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin son da yake yi wa jarumin ne ya sa yake kishin kowane layi. Sai da na yanke tsinin kwali na gwaji na manna masa, ya tsaya gaban madubi ya ɗaga hannu har sama, ya ga cewa kamannin ba su ɓace ba, sannan ya yarda.

Wannan muhawara ta sa na sake tunanin bambancin da ke tsakanin kwaikwayon kayan fim da na wasan kwamfuta. Kayan fim mutum ne ya taɓa sanya su, saboda haka akwai amsa a wani wuri, aikin mai kwaikwayo shi ne ya binciko ta. Sanannen abu ne a tsakaninmu cewa mariƙin takobin haske na fim ɗin Star Wars na 1977, Roger Christian ya haɗa shi ne daga mariƙin fitilar tsohuwar kyamara ta Graflex, kuma har yau masu kwaikwayo suna farautar wannan mariƙi domin su sami ainihin abin. Haka kuma ma'aikatan Weta Workshop a Niyu Zilan sun yanka bututun roba zuwa miliyoyin zobba, suka sarƙa su da hannu suka yi rigunan sulke na fina-finan The Lord of the Rings, saboda ƙarfe na gaske zai yi wa 'yan wasa nauyi. Su ma ke nan sun saba wa ainihin kayan yaƙi domin jikin mai sanyawa, kuma babu wanda ya ce aikinsu ƙarya ne. Kayan wasan kwamfuta kuwa ba a taɓa ƙera su ba, babu wanda ya taɓa jin nauyinsu, don haka wanda ya fara haɗa su a zahiri shi ne zai yanke shawarar inda maɗauri zai bi. A ganina wannan shi ne wurin da gwaninta take bayyana, ko da yake babu mai ɗaukar hotonsa.

Maɗaurin da na tsara guda uku ne. Babban farantin yana rataye da igiyar nailan mai faɗi wadda ta haɗu da maɗaurin farantin ƙirji a kusa da wuya, ta yadda nauyin zai sauka a kan kafaɗa. Ƙananan faranti ukun na jera su a kan igiyoyi biyu ta ciki, ban manna su da juna ba, domin su riƙa zamewa suna shiga ƙarƙashin juna idan hannu ya tashi, kamar yadda maƙeran sulke na gaske suke yi da fata da ƙusoshi. Na ƙarshen kuma na sa masa roba mai miƙewa da za ta zagaye damtse. Kowace igiya na kankare wurin da za ta zauna da samfefa, na shafa gam, sannan na rufe ta da gutsuren soso a sama, domin igiyar da aka manna a fili ita ce take fara ɓallewa idan gumi da motsi suka haɗu.

Kafin in tashi na gwada fenti a kan ragowar soso. Na fesa Plasti Dip, wato robar feshi mai lulluɓe fuskar soso, sirara-sirara har ya rufe, na bi da baƙin fenti mai sheƙi, na murza garin bakin fensir a kai da tsumma, sai ga hasken ƙarfe ya fito. Daga nan na ɗebi fentin azurfa da buroshi, na share shi a takarda har ya kusa bushewa, na goga a baki-baki kawai, sannan na tsarma fenti mai launin ruwan ƙasa da baƙi na shafa a lunguna na goge saura. Mutane da yawa suna watsa tsatsa da karce ko'ina a jikin sulke, sai ya fito kamar an yi masa ado da datti. Ƙarfe yana cinyewa ne inda ake gogarsa, datti kuma yana taruwa inda tsumma ba ya kaiwa. Yanzu da faranti suke motsi da gaske, na sa ƙanena ya yi ta ɗaga hannu yana saukewa, na bi da alli ina yin alama a duk inda ɗaya ya gogi ɗaya, kuma a waɗannan wuraren ne zan sa hasken azurfa idan lokacin fenti ya yi.

Gobe kafaɗar dama ce a gabana. Na riga na kife zanen yanka na rubuta "dama" a bayan kowane gutsure, na kuma rage tsininta da santimita biyu tun a takarda, domin ta fito daidai da 'yar'uwarta. Kan zaki na biyu yana cikin na'ura yanzu, kuma idan ya fito lafiya zan fara gugarsa kafin in taɓa wuƙa.