Burodin tafarnuwa da samulin jiya

Duk wadda ke zaune a Jidda ta san tafarnuwa ba baƙuwa ba ce a bakin yaranmu, tun suna ƙanana suke dangwala kazar Albaik a tum ɗin nan fari, wato miyar tafarnuwa, shi ya sa wallahi nake jin takaici in na ga 'yar uwa ta sayo burodin tafarnuwa na firiza alhali kayan haɗin duk suna bakala, wato ɗan shagon ƙasan gidanta.

Samuli, dogon burodin nan mai laushi, nake amfani da shi, kuma na jiya, wanda ya ɗan bushe, shi ne yake shan mai ba tare da ya yi laɓo-laɓo ba. Tamis, faffaɗan burodin nan, kam a bar shi wa ful, wato dafaffen wake, nan ne gurinsa. Samuli 4 za ki nemi zibda (bota) kamar giram 100, tafarnuwa ƙwara 6, bagdunis (ganyen faski) ɗan kaɗan, sai gishiri in zibdar ba mai gishiri ba ce.

Toh ga inda nake so ki tsaya da kyau. Kar ki shafa ɗanyar tafarnuwa a burodi ki tura oben, ta saman za ta ƙone ta yi ɗaci, ta cikin kuma ba ta nuna ba, sai yaji da wari. Ki tsaga kowace ƙwara ki cire koren tsiron nan na tsakiya in akwai, ki daka a turmi da ɗan gishiri har ta yi laushi, dakan nan ne ke fito da sinadarin alisin mai ƙarfin warin, wuta kuma ita ke kwantar da shi. Sai ki narka zibda a wuta ƙasa-ƙasa, ki zuba tafarnuwar, za ki ga ƙananan kumfa suna tasowa ta gefen tukunya, minti 2 zuwa 3 ya isa, tana fara komawa ruwan zuma-zuma ki sauke kar ki jira ta yi ja. Ni wannan matakin ba don daɗi kaɗai nake yinsa ba. Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, kuma Sayyidina Umar ya ce wanda zai ci su ya kashe su da dahuwa, mu kuma a nan ana kiran salla maigida da samarin gida sun fice, sahu kafaɗa da kafaɗa, bai kamata abincin hannunki ya cutar da na kusa da su ba.

In ta ɗan huce ki zuba bagdunis yankakke, ki tsaga samulin ta tsawo, ki shafa har bakin-bakinsa dan gefen da bai samu mai ba shi ke fara ƙonewa. Ki naɗe da gasdir (foil), oben 180, minti 10, sannan ki buɗe ki kunna wutar sama minti 2 kina tsaye a gurin, ba lokacin ɗaukar waya ba ne. Mai son jibna mozarella a nan za ta barbaɗa. Wadda ba ta da oben ta kifa shi a kasko da wuta kaɗan, yana yi sosai.

Da azumi haka nake ajiye shi kusa da shorba, yara har sambusa suke mantawa da ita. Amma fa yana hucewa yake tauri, dan haka zibdar nake haɗawa da yawa in saka a firiza, burodin kuwa sai an kusa zama ci nake gasawa.