Gidan talabijin na jiha da haƙƙin da ke wuyansa

A unguwar da na tashi a cikin birnin Kano, gida ɗaya ne yake da akwatin talabijin a layinmu, kuma da zarar an idar da sallar isha'i sai tsakar gidan ya cika da yara, kowa ya nemi gefen tabarma, mata kuma su tsaya daga bakin ƙofar ɗaki suna leƙe. Eriyar tana ɗaure a kan dogon gora a saman soro. Duk lokacin da hoto ya fara ruwa-ruwa sai a tura yaro ɗaya ya hau ya riƙa juya goran, mu kuma daga ƙasa muna ta ɗaga murya, muna cewa ya ƙara kaɗan, ya koma baya, ya tsaya haka nan. Tashoshi biyu muke kamawa, NTA Kano da CTV, kuma ba a buɗe su sai da yamma, idan dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa waɗancan 'yan sa'o'i suka fi zama a raina fiye da ɗaruruwan tashoshin da suke zuwa mana yanzu ta tauraron ɗan'adam, kuma amsar da na samu ita ce kanmu muke gani a cikin akwatin.

Talabijin ya shigo Najeriya ne ta hannun gwamnatocin yankuna. Gwamnatin Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, gwamnatin Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe tata a Kaduna a 1962. Daga baya mulkin soja ya tattara tashoshin duka ya mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA, wadda aka kafa da doka a 1977. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, tsarin mulki ya ba jihohi damar mallakar gidajen talabijin, kuma gwamnonin da ba na jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya ba ne suka fi gaggawar amfani da damar, domin suna ganin NTA ba ta yi musu adalci. A haka Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya kafa wa Kano CTV a kan lamba ta 67, tashar da aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Ke nan siyasa ce ta haifi gidan talabijin na jiha, kuma daga wannan tushe ne ƙarfinsa da ciwonsa suka fito gaba ɗaya.

Ƙarfin dai mun gan shi da idanunmu. Wasannin kwaikwayon da ake nunawa a lokacin, a cikin lungunanmu aka ɗauke su, da irin Hausar da muke yi a gida, a kan rigingimun da kowa ya sani: rabon gado, auren dole, kishiyoyi, ɗan kasuwar da ke tauye mudu. Na tuna daren da kakarmu, wadda ba ta cika kula akwatin ba, ta miƙe daga kan sallayarta ta matso har gabansa domin ta hangi karofin Ƙofar Mata a cikin wani shiri, ta shiga nuna mana inda take kai zane rini tun tana amarya. Daga Kaduna kuma marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta fi sani da Samanja, ya shigar da rayuwar bariki cikin gidajen da ba su taɓa haɗa hanya da soja ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara sana'ar finafinan Hausa a Kano a wajajen 1990, a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka saba fitowa a waɗannan tashoshi suka koyi tsayawa a gaban kyamara. Ga tafsirin watan azumi, ga hawan sallah da hawan daushe da tsoho ko mai jego za su kalla daga ɗaki ba tare da shiga turmutsitsin ƙofar fada ba.

Sai dai a ganina aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ba ya jawo yabo. Ina nufin cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa, da sanarwar ranar da maniyyatan wata ƙaramar hukuma za su hallara a sansanin alhazai, da ranar tantance 'yan fansho, da wurin da za a sayar da takin gwamnati da farashin buhu, da gargaɗi ga mazauna bakin kogi cewa ruwa yana tafe. Babbar tashar da ke Legas ko Landan ba za ta ɓata minti ɗaya a kan irin wannan ba, kuma ba laifinta ba ne, domin ba don mu aka kafa ta ba. Wanda ya ga abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ya bazu a kanta har sai a 2004 aka ci gaba, ya san cewa takardar da aka rubuto daga waje ba ta sauya zuciyar uba. Abin da ke sauya ta shi ne ya ga likita ɗan garinsu da malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa da hakiminsa suna bayani da harshensa, kuma ya ga sun ɗiga wa nasu 'ya'yan. Haka kuma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ta rediyo da talabijin na jihohi aka riƙa koyar da darussa, kuma yaran da iyayensu ba su da kuɗin sayen data ba su da wani aji sai wannan.

Ciwon kuwa ba ya ɓuya ga duk wanda ya zauna ya kalli labaran dare a yawancin tashoshin jihohinmu. Labari na farko gwamna ya karɓi baƙi, na biyu gwamna ya yi alhini, na uku uwargidan gwamna ta raba kayan tallafi, na huɗu wata ƙungiya ta yaba wa gwamna. Kafin a iso ga asibitin da ba shi da ruwa ko makarantar da iska ta yaye wa rufi, lokaci ya ƙare. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma mutumin Doguwa ko Tudun Wada ko Kunci yana iya shafe watanni bai ga garinsu a akwati ba, sai fa ranar da ayarin gwamnati ya kai ziyara. Idan zaɓe ya zo abin ya fi muni, duk da cewa dokar zaɓe ta 2022 ta hana a yi amfani da kafofin yaɗa labaran gwamnati don fifita wata jam'iyya a kan wata, ta kuma wajabta a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Ba na ɗora wa ma'aikata laifin wannan. Na san wasu daga cikinsu, mutane ne da suka san aikinsu, amma wanda gwamna ya naɗa shugabansa, kuma kuɗin man janareta ma sai an rubuta takarda an jira sa hannu, ba za a sa ran ya aika kyamara inda za ta ɗauko abin da zai ɓata wa mai sa hannun rai ba. Ƙarancin kuɗin ne kuma ya kawo al'adar nan ta cewa sai mai taro ya biya kafin a zo a ɗauki taronsa, wadda ta sa bikin mai hali ya zama labari, koken talaka kuma ya rasa mai ɗauka.

Jama'a ba su daina son jin labarin kansu ba. Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, kuma musamman bayan gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita a Kano daga 2003, shirye-shiryen da mutum zai zo ya faɗi damuwarsa da bakinsa su ne ake barin aiki a saurara. Wannan gurbi na tashar jiha ne tun asali, ta bar shi wasu suka cike.

Akwai masu cewa zamani ya wuce gidan talabijin na jiha, tun da kowa yana da waya, labari yana zuwa ta Facebook da WhatsApp kafin a karanta shi da dare, nishaɗin Hausa kuma ga Arewa24 tun 2014. Ban raina wannan magana ba, musamman ga shi wutar lantarki ba ta tsayawa, akwatin da babu wuta kuwa kayan ado ne. Amma ita wayar da ke kawo labari cikin minti ɗaya ita ce ke kawo ƙarya cikin rabin minti, kuma a ranar da gari ya rikice da jita-jita mutane suna buƙatar wuri guda da aka san mai shi, aka san adireshinsa, wanda idan ya faɗi ƙarya za a iya zuwa a tuhume shi. Tasha mai zaman kanta kuma dole ta bi inda talla take, ba za ta ware sa'a guda don koyar da yadda ake adana wake ba tare da maganin da ke cutar da mai ci ba, ko don fassara kasafin kuɗin jiha da Hausa layi bayan layi, ko don labarai da Fulatanci da harshen kurame. Abin da ya kamata shi ne tashar jiha ta bi mutane zuwa cikin wayoyinsu da irin waɗannan shirye-shirye, a gajarce, yadda ko mai ƙaramar data zai iya buɗewa.

Akwai kuma wata amana da ba a cika maganarta ba, ita ce ta tsofaffin kasa-kasai. Kyamarorin waɗannan tashoshi sun yi zamani da Malam Aminu Kano kafin rasuwarsa a 1983, sun yi zamani da Shehu Nasiru Kabara da Mamman Shata, sun ga shekaru masu yawa daga cikin sarautar Alhaji Ado Bayero da ta kai daga 1963 zuwa 2014. Duk abin da aka ɗauka a wancan lokaci a kan zaren kaset yake, zaren kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi, na'urorin da ke karanta shi ma sun zama sai an tona. Ina ganin babu aikin da ya fi gaggawa kamar a haɗa hannu da Jami'ar Bayero da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya a juye abin da ya rage zuwa kwamfuta, a rubuta sunan kowane shiri da shekararsa tun waɗanda suka ɗauka suna raye suna iya tunawa.

Gyaran da nake fata ba ya buƙatar sabon gini. Majalisar dokokin jiha tana iya yin dokar da za ta ware wa tashar kaso tsayayye a kasafin kuɗi wanda ba sai an roƙa ba, ta ba shugabanta wa'adin da sauyin gwamnati ba zai katse ba, ta kuma sa a hukumar gudanarwarta a samu wakilan malaman makaranta da manoma da 'yan kasuwa da mata da masu buƙata ta musamman. Sannan a ajiye wakili da kyamara, ko da ta waya ce, a kowace ƙaramar hukuma, a ba su rabin sa'a kowane dare.

Mahaifiyata har yau idan an kawo wuta da dare takan ce a kamo mata tashar gida, ko da jikokinta suna gunaguni suna son wata. A makon jiya na zauna kusa da ita muka kalli labaran tun daga farko har ƙarshe, tana jiran ta ji ko za a ambaci hanyar garinsu da ruwan damina ya cinye, wadda ta hana 'yar'uwarta zuwa asibiti a birni. Da aka rufe labaran ba a ambata ba, sai ta ce in sake kamo mata gobe.