Bokitin Ruwan da Ya Tona Asirin Kicin Ɗinmu

Gidan da muke ciki a unguwar Mabera ta Sakkwato tsohon gini ne, kuma tun da muka tare kicin ɗin ne wurin da ya fi ko'ina nuna gajiya. Daɓen siminti ya farfashe, hayaƙin itace na shekara da shekaru ya baƙanta bango, ruwan wanke-wanke kuma sai an ɗauke shi a roba an kai bakin rariya an zubar. Na daɗe ina yi wa uwargidana alkawarin gyara, sai dai albashin ma'aikaci ba ya barin mutum ya cika irin wannan alkawari a lokacin da yake so. Da Allah ya hore, na kwashi adashe na haɗa da ɗan abin da na samu daga gona, sai na ƙudurta cewa ba zan ɗauko birkila daban, kafinta daban, mai aikin famfo daban in riƙa tsayawa a kansu ba, domin ba ni da lokaci, kuma ban san aikin ba. Na fi son in danƙa komai a hannun ɗan kwangila guda mai rajista, wanda idan wani abu ya lalace na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Wani abokin aikina ne ya haɗa mu. Mutumin yana da fara'a da iya magana, kowa Injiniya yake kiransa, kuma ranar da ya zo duba wurin ya nuna mini takardar rajistar kamfaninsa ta hukumar CAC, tare da hotunan kicin masu ƙyalli a cikin wayarsa. Muka yi ciniki a kan tayil na ƙasa da na bango, da kantar girki mai sinki, da durowoyin katako, da bututun ruwa, da sabon wayarin. Ya ce mako uku sun ishe shi. Ya rubuta jimlar kuɗin a takarda mai tambarin kamfani, layi ɗaya tak, babu irin katakon da za a yi amfani da shi, babu kaurin waya, babu ranar gamawa. Na ba shi kashi 70 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, daga baya ya sake karɓar kashi 20 da sunan kaya sun tashi a kasuwa. A raina na so in ce a zauna a rubuta komai dalla-dalla, amma kunya ta hana ni, ganin cewa abokina ne ya kawo shi, kuma a wajenmu idan ka cika neman rubutu da shaidu sai a ga kamar kana zargin mutum da rashin amana tun kafin ya taɓa aikin.

An fara a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Mako uku suka zama aikin baban giwa, yau ma'aikata sun zo, gobe sun tafi wani aikin a Arkilla, uwargida kuma tana girki a tsakar gida ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, har damina ta faɗi ta same ta a can. Da aka gama kuwa, wurin ya yi kyau a ido. Farin tayil yana sheƙi, ƙofofin durowa suna rufuwa sumul, maƙwabta suna shigowa suna sa albarka.

Ba a yi kwana goma ba uwargida ta same ni da magana bayan sallar isha'i. Ta ce, "Malam, ruwan ga ba shi tahiya wurin rariya, in na wanke ƙasa sai ya koma ƙarƙashin durowa ya kwanta." Na ce mata sabon wuri ne, a hankali za ta saba da shi, kuma wannan amsa tana cikin abubuwan da na fi nadama a cikin lamarin gaba ɗaya, domin ita ce take yini a ɗakin, ita ta fi kowa sanin halinsa, kuma gaskiya ta faɗa. Bayan wata guda gindin durowoyin ya kumbura ya fara ɓarɓashi kamar burodin da ya jiƙe, wani warin ruma ya riƙa tashi duk lokacin da aka buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin sinki. Tayil biyu suka tsage a inda ake ajiye tukunyar gas. Abin da ya tayar mini da hankali fiye da duka shi ne ranar da ta jona butar lantarki, soket ɗin ya yi zafi har aka ji ƙaurin roba, alhali yara suna shiga wurin a kowane lokaci.

Na kira Injiniya. Da farko ya ce gobe zai turo yara, goben ta zama jibi, jibin ta zama mako. Da ya zo daga ƙarshe, ya leƙa ya fito ya ce mini, "Alhaji, aiki ba shi da matsala, mata ne ke zuba ruwa fiye da kima." Wannan kalma ta ƙona mini rai, domin kicin wurin ruwa ne da wuta, wanda kuma ya karɓi kuɗin gina shi ya san haka tun kafin ya ɗora bulo na farko. Na danne zuciyata na ce ya gyara, ya ce sai na cika masa ragowar kashi 10. Na ce ba zan cika ba sai an gyara. Daga ranar ya daina ɗaukar wayata.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare a masallacin unguwa, wanda ya yi shekaru masu yawa yana duba gine-gine a ma'aikatar ayyuka kafin ya yi ritaya. Na kai masa kuka, ya ce in jira shi bayan la'asar. Da ya shigo bai tsaya kallon ƙyallin bango ba. Ya ce a kawo masa bokitin ruwa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tuttular da shi a hankali, muka yi shiru muna kallo. Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya juya wa rariya baya ya gangara kusurwar da durowoyi suke, ya shige ƙarƙashinsu. Daga nan Baba ya ciro makullin babur ɗinsa ya durƙusa, ya riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ba da sauti mai nauyi, wasu kuwa suka yi amo irin na ƙwaryar da aka kife. Duk wanda ya yi amon sai ya yi masa alama da alli, kuma kafin ya miƙe alamun sun kusa cin rabin ɗakin.

Ya sa aka ɗaga tayil ɗaya daga cikin waɗanda suka tsage. A ƙarƙashinsa kwaɓin bai cika ba, akwai ramuka a gefe da gefe, wanda yake wurin kuma da Baba ya murza shi da yatsa sai ya zube kamar garin rogo. Ya ce mini, "Ɗana, yashi ya rinjayi siminti, kuma ba a shayar da shi ruwa ba." Ya bayyana mini cewa siminti ba bushewa yake buƙata ba, ruwa yake sha kafin ya yi ƙarfi, shi ya sa ake yayyafa wa sabon aiki ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake ɗaukar ƙarfinsa ya kammala. A zafin bazara irin namu, kwaɓin da aka bari ba ruwa yakan ƙone tun bai kama ba. Simintin da ake sarrafawa a Kalambaina, nan bakin garinmu, ba shi da laifi a nan, hannun da ya kwaɓa ne ya rage shi. Katakon durowa kuwa ya ce MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, wanda ba ya jituwa da ruwa ko kaɗan, ga shi an zaunar da shi kai tsaye a kan tayil ba tare da an yi masa dakalin siminti ko ƙafafu ba. A ƙarƙashin sinki mahaɗar bututu tana ɗiga a hankali. Da ya kwance soket ya duba, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ya tarar, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila, alhali soket aƙalla mai 2.5 yake buƙata, injin girki na lantarki kuma fiye da haka.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan kurakurai a ɓoye suke, ƙarƙashin tayil, bayan durowa, cikin bango. Mai gida ba ya ganinsu ranar da aka miƙa masa makulli, kuma hoton waya ba ya nuna su.

Daga bakin Baba ne kuma na fahimci abin da takardar da aka nuna mini take nufi da abin da ba ta nufi. Rajistar CAC shaida ce cewa sunan kamfanin yana nan a hukumance kuma an san masu shi, amma hukumar ba ta gwada kowa a kan shimfiɗa tayil ko jan waya. Masu sana'ar gini da suka yi karatunta suna da tasu majalisar, CORBON, wadda aka kafa da dokar soja ta 1989, injiniyoyi kuma suna rajista da COREN, wadda ta samo asali tun 1970, kuma a doka wanda ke cikin rajistarta ne ya cancanci sunan injiniya, ko da yake a bakin jama'a duk mai hular kwano ya samu wannan laƙabi. Su kuwa masu aikin hannu, birkila da kafinta da mai famfo da mai wayarin, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku. Ban tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na ga tambari da hatimi na ɗauka ƙwarewa na gani.

Na yi tunanin kotu, kuma ba don rashin hujja na fasa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa wanda aka yi wa aikin da bai kai ingancin da ya dace ba yana da ikon neman a gyara masa ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Amma da na ɗauko takardata mai layi ɗaya na duba, sai na ga yadda na raunana kaina da hannuna. Idan ya ce ai MDF muka yi ciniki, da me zan ƙaryata shi? Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ta hana a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Na san ayar tun ina makarantar allo, sai ga shi na bar kunyar mutum ta rinjaye ta a ranar da na fi buƙatarta.

Sulhu muka nema. Abokin aikina, wanda shi ma abin ya dame shi ƙwarai, ya je har gida ya taho da shi, muka zauna a zauren mai unguwa tare da Baba. A nan ne na ji ɓangarensa, kuma adalci ya sa in faɗe shi. Ya ce tsakanin ranar ciniki da ranar sayen kaya farashi ya motsa, wanda kuwa duk mai shiga kasuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya san ba ƙarya ba ne. Ya ce ni ma na matsa masa a ciniki har ribar ta yi siriri, wannan ma gaskiya ne. Ya amsa cewa ya ba wasu yara aikin tayil a kan kuɗin kowace murabba'in mita, don haka su saurinsu suke dubawa, shi kuma bai tsaya a kansu ba saboda yana da wani aikin. Mai unguwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa tsadar kaya dalili ce ta dawowa wurin mai gida a sake magana, ba dalili ce ta rage siminti a ɓoye ba, ya kuma tuna masa hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure."

Aka yanke cewa zai ɗaga tayil na ƙasa gaba ɗaya ya sake shimfiɗawa da gangare zuwa rariya, siminti da yashi da ladan ma'aikata a wuyansa, ni kuma in sayi tayil da za su maye gurbin waɗanda za su fashe wajen ɗagawa. Zai canza wayar soket, ya gyara bututu, ya yi dakali ya sake gindin durowoyi da filawud mai jure ruwa, in biya bambancin farashin katakon. Ragowar kuɗinsa kuma ba zai karɓa ba sai wata ɗaya bayan gamawa, idan Baba ya duba ya gamsu. Wannan karon an rubuta komai, har da kaurin waya da sunan katako da ranar gamawa, mu biyu muka sa hannu, shaidu uku suka sa nasu.

Gyaran ya ci mako biyu da 'yan kwanaki, ya kuma ci mini kuɗin da na tanada don wata buƙata, uwargida ta sake komawa rumfar tsakar gida. Kowace safiya kafin in fita aiki nakan tsaya in ga an yayyafa wa daɓen ruwa, Baba kuma yakan biyo da yamma ya ɗora ma'auninsa a ƙasa ya duba gangaren. Layin tayil na bango da ke bayan ƙofa har yanzu a karkace yake kaɗan, mun bar shi haka domin fasa shi zai jawo wata asarar. Ranar da wata ɗaya ya cika, Baba ya ce a kawo bokiti, sai ya miƙa wa uwargida ya ce, "'Yata, ke za ki zuba, ɗakinki ne." Ta tsaya a tsakiyar kicin ta tuttule shi, ruwan ya miƙe kai tsaye ya bi ta rariya ya fice, ta durƙusa ta shafa gindin durowa da tafin hannunta ta ji shi a bushe. A nan tsakar gida na ƙirga wa Injiniya ragowar kuɗinsa, ya sa hannu a bayan takardar cewa ya karɓa.